Afishin Ɗangoggo a Kan Fatun Sarkin Fawa

Ɗangoggo ya yi wata bakwai a Kumasi, ya dawo Dakoro da labarin da ya fi ƙarfin shekara bakwai. In ana maganar jirgin ƙasa, ya tuƙa. In ana maganar teku, ya sha ya rage. Mu dai abin da muka ga ya dawo da shi laima ce marar mariƙi, sai tari.

Zamanin Faransa ne, ba a daɗe da kafa bariki a garin ba. Aka aiko mana likitan dabbobi, wani dogon mutumin Dahome mai jin Hausa. Lokotoro muke ce masa, ko Mushe, wato maigida a bakin Faransawa. Ciwon bushiya ya ɓarnata shanu a arewa, aka umarce shi ya yi wa garkunan ƙasar allura. Makiyaya kuwa ba sa zuwa sai an kira su, in an kira su ma sai sun ga dama. Lokotoro ya ce abin da yake buƙata afishi ne, wato babbar takardar sanarwa da za a kafa a kasuwa, mutanen Korahane da Rumbu da Birnin Lalle su gani su kai labari daji.

Ya aika tambaya Yamai. Da aka faɗa masa kuɗin bugu, ya ga ko ya sayar da teburin biro, wato ofishinsa, da kujerarsa ba za su kai ba. Kuma sai bayan wata biyu kamyo, motar kaya, zai kawo. Kasuwar da yake son kafa afishin a cikinta kuwa saura kwana tara.

Yana zaune gindin gawo yana wannan kuka, Ɗangoggo ya ji.

"Afishi? Mushe Lokotoro, afishi kake nema ina cikin garin? Ni da na yi aiki gidan buga takardu a Kumasi? Injin da ke can, in ya yi gardama ni ake kira. Wani lokaci muryata kawai yake ji ya tashi."

Mamani Sarkin Fawa yana gefe yana wasa wuƙa. Ya ce, "Waɗanda kunka tahi tare sun ce ruwa kake saidawa a ƙofar gidan."

"To injin mi yake sha, Sarkin Fawa? Fura?"

Lokotoro ya rasa mafita, shi ya sa ya saurara. Akwai wata hula a bironsa, baƙa mai jan zare, da gwamnati ta aiko don planto, ɗan aiken da ba a riga an ɗauka ba. Planto yana da albashi duk wata, yana da kaki, gardi mai tsaron bariki ba ya yi masa tsawa. Ɗangoggo kuwa a shekarar gonarsa ko abincin kaji ba ta ba shi ba.

"Ka kawo mini afishi bakwai ranar kasuwa, ba tare da na taɓa kuɗin biro ba," in ji Lokotoro. "In ka kawo, hular taka ce. Mai hula shi ne planto."

Ya rubuta kalmomin sanarwar a ƴar takarda ya ba shi. Ɗangoggo bai iya karatun nasara ba, amma ya duba ya gyaɗa kai, ya ce rubutun ba laifi.

Ya shiga gida yana kiran matarsa tun daga zaure.

"Habi! Ki fara koyon tahiyar matan ma'aikata."

"Yaya suke tahiya?"

"A hankali. Kamar an ƙoshi."

"To ka fara kawo ƙoshin, Malam. Tahiyar ba ta da wuya."

Dabararsa ta farko takardar sukari ce, shuɗiyar nan da ake naɗe kan sukari da ita. Ya bi rumfunan masu shan shayi yana tsinta, kwana biyu. Ya sa Habi ta dama kunu mai kauri, ya lilliƙe takardun har suka kai faɗin tabarma uku. Ya shanya a tsakar gida, ya ja kunnen kowa, ya fita neman tawada. Takarda mai ɗanɗanon sukari, an shafe ta da kunu, a garin da awaki suka fi mutane yawa. Kafin ya dawo sun gama karatu.

"Habi! Kina ina sunka cinye?"

"Ina nan zaune."

"Ba ki kore su ba?"

"Kai ka ce kada kowa ya matso kusa da aikin gwamnati. Ni ban matsa ba."

Ɗangoggo ya ce dama takarda ta waɗanda ba su ga duniya ba ce. Manya da ƙyalle suke aiki. Ya buɗe akwatin Habi ya ɗauko farin alawayyon da ta ajiye tun bikinta. Sai maganar hoton saniya, don Lokotoro ya ce in da hali a sa.

Ya tara mu a bayan gidansa ya yi mana bayani. "Sirrin inji guda ne. Abin da kake son hotonsa, shi kake shafa wa tawada ka danna. To ku faɗa mini, mi ya fi saniya kama da saniya?"

Muka ce lallai babu.

Farin takarkari ɗaya ne a unguwar, na Uwale, uwar Habi, wanda take ɗaukar ruwa da shi. Ɗangoggo yana jin kunyar surukarsa ƙwarai, ba zai iya tsayawa gabanta ya roƙa ba. Saboda haka ya je da tsakar rana ya kwance sa ɗin ba tare da ya roƙa ba. Ya samo shuni a marina, ya dama da ƙaro don ya kama da kyau. Ya kafe alawayyo a jikin katangar gidansa ta baya. Ya shafe ɓarin sa guda da hannu biyu, tun daga wuya har gindin wutsiya.

Mu huɗu muka tsaya ta ɗaya ɓarin. Ban ce na yi hankali a ranar ba.

"In na ce ku tura, ku tura. A hankali. Tura! Ku ƙara! Ba fura kuke damawa ba, ku tura!"

Muka tura. Sa ya jingina. Katanga ta yi ƙara, ta tafi gaba ɗaya, mu da sa muka bi ta.

Bayan katangar kuwa Uwale ce zaune a kan tabarma, ta zo gaida ɗiyarta, loma tana hannunta. Ta ga ƙura. Ta ga takarkarinta ya fito daga cikin ƙura, rabi fari rabi shuɗi. Ta ga surukinta kwance a gabanta. Ɗangoggo don kunya ya rufe fuska da tafukansa biyu. Da ya buɗe, fuskar ta zama shuɗiya irin jikin sa ɗin.

"Habi," in ji Uwale, ba ta ko kalle shi ba, "tambayi mijinki, wanga sa nawa ne ko na aljanu?"

Sa bai tsaya jin amsa ba. Ƙaro ya kama, alawayyo ya manne masa a haƙarƙari. Ya fita ta zaure da gudu, ƙyalle yana kaɗawa a bayansa. Ya nufi rijiya, don ita ce hanyar da ya sani. Jakuna suka watse. Tuluna suka fashe. Wani malami ya hau bango da carbinsa. Fulanin da ke shayar da shanu suka ga sa shuɗi yana jan farin ƙyalle, suka ce wannan shi ne wanda aka fara yi wa allurar Lokotoro, har an haɗo shi da likkafaninsa. Kafin la'asar ba garke ko ɗaya kusa da gari.

Lokotoro ya zo da kansa cikin fushi.

"Na ce ka kira mini makiyaya, ka kore su!"

"Gwaji ne, Mushe," in ji Ɗangoggo da shuɗiyar fuska. "Ka ga yadda labari ya kai daji kahin la'asar? Wane afishin Yamai ke da ƙafa huɗu?"

"Saura kwana uku. In ban ga afishi ba, hula ta koma akwati."

A nan ne babbar dabara ta zo masa. Takarda, awaki na ci. Ƙyalle, sa na gudu da shi. Abin da ba ya ciwuwa kuma ba ya gudu, busasshiyar fata ce. Mamani Sarkin Fawa yana da tulin fatun shanu a ɗaki, yana jiran mai saye daga Maraɗi.

"Aro kawai, Sarkin Fawa. Yini guda. Fatar da ta yi aikin gwamnati, kai ma ka san ba daidai take da sauran fatu ba."

"Ni dai na ga abin da ka yi wa san Uwale."

"Wancan mai rai ne. Naka sun riga sun mutu, mi kuma zai same su?"

Mamani ya yi tunani, bai ga abin da zai same su ba. Ya ba shi bakwai. "Yadda ka ɗauka haka za ka maido."

Saura abin rubutu. A bakin gari akwai rumfar Attaher, maƙerin Buzaye. Ya tafi Birnin Lalle, matarsa kaɗai ke nan. A jikin rumfar ƙarafan lalas ne rataye, irin waɗanda ake gasawa a wuta a sa wa raƙumi ko saniya shaida. Kowane gidan makiyaya da tasa shaidar, Attaher ne ke ƙera musu. Wani ƙarfen zagaye ne, wani gicciye, wani kamar sawun zabo, wani kamar matsefi.

Ɗangoggo ya fito da takardar Lokotoro, ya dubi ƙarafa, ya dubi takarda, ya yi tsalle.

"Ga mai zagayen nan, ga shi a takarda! Ga mai sanda biyu! Ashe Attaher gidan buga takardu gare shi, shekara da shekaru, bai sani ba!"

Matar Attaher ta ce, "Waɗanga ƙarafan na mutane ne."

"Gwamnati ma mutum ce, Inna."

Ya kwashe su a buhu.

Kwana biyu hayaƙi da ƙaurin gashi suka hana unguwa sakat. Habi ta kwashe tukwanenta ta koma gidan uwarta. Ɗangoggo yana gasa ƙarfe yana dannawa, layi bayan layi. In ya rasa ƙarfen da ya yi kama da harafin takarda, sai ya sa wanda ya fi masa kyau. In wuri ya rage, ya cike. Gaskiya guda ce, aikin ya yi kyau. Daga nesa sai ka rantse rubutu ne.

Ranar kasuwa da hantsi ya kafa itatuwa a bakin kasuwar dabbobi, ya rataya fatun bakwai a jere. Lokotoro ya taho a kan doki da hula a hannu. Tun daga nesa ya hango manyan alluna masu baƙaƙen layuka, ya kuma ga mutane suna barin ciniki suna rugawa wurin. Bai taɓa ganin an ruga wa sanarwa haka ba. Daɗi ya kama shi. Kafin ma ya ƙaraso ya miƙa wa Ɗangoggo hula.

Ɗangoggo ya sa. Ya karkata ta dama. Ya mayar hagu. Ya ce wa mai goro ya matsa daga hanyar ma'aikata.

Lokotoro ya sauka ya matsa don ya karanta. Ya fara daga hagu. Ya gwada daga dama. Ya cire tabarau.

"Wannan wane yare ne?"

"Rubutun manya ne, Mushe. Sai an ja baya ake gane shi."

Lokotoro bai gane ba, amma kasuwa ta gane. A duk taron nan waɗanda suka iya karatun nasara ba su fi uku ba. Karatun shaida kuwa, makiyayi tun yana goye yake fara shi. Kuma fata mai shaidar gidanku rataye a kasuwa ma'anarta ɗaya ce: an sace dabbarku an yanka.

Wani dogon Buzu mai suna Intalla, wanda garkensa ya fi na kowa a arewacin gari, ya durƙusar da raƙuminsa ya sauko. Ya sa yatsa a kan wani zagaye mai ƙaho biyu.

"Wa ya yanka saniyata?"

"Taka?" in ji wani daga bayansa. "Ga shaidar gidanmu a kafaɗa!"

"Ku duka ku ja baya, ga tamu a cinya, har sau uku!"

"Sau uku? To ubanka ne ya bi ta yana sa wa kan tawa!"

Fata guda an ƙirga mata shaidar gida tara. Kowa ya ce tasa ce ta asali, sauran ɓarayi ne. Aka fara gyara rawani, aka fara taɓa takubba. Wata tsohuwa ta rungume fata ta huɗu tana kuka, ta ce ita ce karsanarta da ta ɓata shekara huɗu, ta gane ta ga wutsiya. Fatar ba ta da wutsiya.

Intalla ya ɗaga murya. "Fatun nan daga hannun wa sunka hito?"

Ɗangoggo ya ga an zo wurin yabo. Ya gyara hula ya fito tsakiya. "Fatun na Sarkin Fawa ne. Aikin kuwa..."

Ba wanda ya tsaya jin sauran.

Mamani yana rumfarsa yana datsa ƙashi, ya ɗaga kai ya ga rabin arewa ta nufo shi. Mutum ne mai jiki, amma ban taɓa ganin an hau rumfa da sauri irin na ranar ba. Ya tsaya a sama, rumfa tana lanƙwasa.

"Wallahi saye na yi! Kowace da shaidun ciniki! Ɗangoggo, Allah ya isa! Faɗa musu!"

"Ina faɗa musu, Sarkin Fawa, ba su da tsari ne! Jama'a, ku yi layi! Planto ke magana!"

Wani ya ture planto cikin kwandon barkono.

Allah ya taimaki Mamani, a daidai lokacin Attaher maƙeri ya iso a kan jaki. Ya dawo daga tafiya ya tarar da rumfarsa wayam, matarsa ta nuna masa hanya. Ya ratsa taro, ya kankari shaida guda da farce, ya sunsuna.

"Ku mayar da takubbanku. Wagga wuta ta shekaranjiya ce. Shaidar da anka yi wa mai rai tana warkewa, gashi ya kewaye ta. Wagga a kan busasshiyar fata anka yi ta. Kuma da ƙarafana."

Intalla bai yarda ba. "Wane mahaukaci ne zai sa wa matacciyar saniya shaida? Don kada ta ɓace?"

Kasuwa duka ta juya ta dubi Ɗangoggo, yana fitowa daga barkono yana atishawa.

"Sai na gani da idona," in ji Intalla. "In ba haka ba, mahaucin nan ba ya saukowa."

Lokotoro ya kama hannun Ɗangoggo. "Nuna musu. Yanzu. Kafin a zubar da jini a kan sanarwata."

Aka kawo buhun ƙarafa. Aka karɓi garwashi wurin mai tsire. Attaher ya zaro ƙarfen Intalla, zagaye mai ƙaho biyu, ya cusa a wuta. Aka shimfiɗa guntun fata a ƙasa. Wuta ta ƙi kamawa, Ɗangoggo ya cire hula ya yi fifita da ita har ƙarfe ya yi ja, ya ajiye ta gefe.

Da ya miƙe da ƙarfe a hannu, sai ya ga abin da bai taɓa samu ba tun da aka haife shi. Kasuwa guda ta yi tsit, kowa shi yake kallo. Har waɗanda ke kan raƙuma. Tsoro ya sake shi, baki ya dawo.

"Ku buɗe ido, jama'a. Wanga aiki ba na kowa ba ne. Akwai masu yi da awo. Akwai masu yi da tabarau, ban kama suna ba. Ni da ido rufe nake yi."

"Buɗe idonka, Malam," in ji Habi daga cikin mata.

"Ku ji ta! Mace ba ta san inji ba."

Ya rufe ido. Ya juya sau ɗaya don ado. Ya danna da ƙarfinsa duka, ya riƙe, yana murmushi.

Ƙaurin da ya tashi ba na gashi ba ne. Na ƙyalle ne.

Ya buɗe ido. Guntun fata yana nan lafiya lau. A tsakiyar hular gwamnati kuwa ga zagaye mai ƙaho biyu, yana hayaƙi, ya fito tsaf fiye da duk wanda ya buga a kwana biyu.

Intalla ne ya fara dariya, ta cikin rawani, kafaɗunsa suna rawa. Daga nan kasuwa ta ɓarke. Masu takubba suka dafa juna. Tsohuwa mai karsana ta saki fata ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Mamani ya yi dariya har rumfa ta ƙarasa karyewa da shi.

Dariyarsa ba ta daɗe ba. Makiyaya suka ce sun yarda ba sata, amma dokar daji tana nan: abin da ke ɗauke da shaidar gida, na gidan ne. Aka zaro wuƙaƙe, aka yanyanka fatun bakwai, kowa ya yanki wurin da tasa take, ya ce ya samu takalmi. Mamani yana bin su yana tsintar gefe-gefe.

Lokotoro dai ya ga makiyayan ƙasar duka a wuri ɗaya, kuma suna cikin nishaɗi. Ya hau turmi ya faɗa musu ranar allura da bakinsa, ya rantse ba ta sa saniya shuɗi. Suka ce za su zo, ko don su ga abin da zai faru kuma.

Intalla ya sunkuya ya ɗauki hula. Ya duba shaidar, ya ce tasa ce, ba gardama. Ya gwada a kan rawani, ta ƙi zama. Ya sa mata igiya ya ɗaura wa raƙuminsa tsakanin kunnuwa. Ta zauna daidai.

Ɗangoggo ya bi Lokotoro har gindin doki.

"Mushe, ka ga dai taron da na tara maka. Maganar aikin fa?"

"Hula ɗaya gwamnati ta aiko," in ji Lokotoro, yana sa ƙafa a likkafa. "Kuma na faɗa maka, mai hula shi ne planto. Ga shi can zai tashi."

Raƙumi ya miƙe, ya ɗaga kai, ya kama hanyar arewa a hankali yana tuƙa. Hanyar ta bi ta ƙofar bariki. Gardin da ke tsaye ya hango hular gwamnati tana tahowa can sama, bai tsaya duba wanda ke ƙarƙashinta ba, ya haɗa ƙafa ya sara.

Ɗangoggo ya dafa kansa.

"Habi, kin gani? Wagga gaisuwa tawa ce."

"To bi shi ka amso."